Zagayen Iyaka

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare, ni ne mai shelar ƙungiyar 'yan ƙauyenmu mazauna Kafanchan. Ba wai an ga wata cancanta a wurina ba ne. Ina da keke, kuma ban iya cewa a'a a gaban manya ba, shi ke nan aka ɗora mini. In an yi mutuwa, ko wani ya kwanta asibiti, ko za a fita aiki, ni zan bi gida gida, daga kwatas ɗin reluwe har bayan kasuwa, ina maimaita magana ɗaya har yawuna ya ƙafe. Duk wannan bayan na wuni a aji, yara sun cika ɗaki sun tumbatso baranda, wasu a kan bulo wasu a ƙasa, rabinsu ba sa jin Hausa balle Turanci. A wannan shekara na yi irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba, sai don a san irin mutumin da aka damƙa wa gonar wata gwauruwa.

Ƙungiyar ta girme ni. Tun zamanin Turawa aka kafa ta, lokacin da samarin ƙauyenmu suka fara saukowa aikin layin dogo. Cikin waɗanda suka kafa ta mutum ɗaya ya rage, wani tsoho da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zuba wa jirgi kwal, har hayaƙi ya cinye masa ido ɗaya da rabin numfashi. Baba muke ce masa, mu duka. Duk shekara a taron farko sai ya dafa sanda ya miƙe ya ba mu labarin mafari. Wani leburan layi ne ɗan ƙauyenmu, tarago ya matse shi ya mutu. Abokansa suka yi ƙoƙari suka kai gawar gida, suka dawo suna ganin sun fita hakkinsa. Da damina ta zagayo sai suka ji dangi sun raba gonarsa a tsakaninsu, matar ta kwashi yara ta koma gidan ubanta. Takaicin wannan ne ya sa suka zauna a bayan loko, inda ake ajiye kawunan jirgi, suka kafa ƙungiya. Mun ji labarin nan har ya zame mana kamar ƙarar jirgi ga wanda gidansa ke bakin layi, yana wucewa ba ka ma sani ba.

Gaskiya ƙungiyar ta yi abin kirki, ba zan rage mata ba. Ɗan ƙauyenmu bai taɓa mutuwa a Kafanchan aka rasa masu kai shi gida ba. Mun yi wa tsofaffi jinka, mun ɗauki marasa lafiya a bayan keke, akwai marayun da yau suke manyan ma'aikata waɗanda mu muka kama hannunsu muka kai aji ɗaya. A miting kuma babu hedimasta babu lebura, benci ɗaya ake zama, wanda ya riga zuwa shi ke samun wajen taga. Amma babbar doka, wadda Baba ke faɗa yana buga sanda a ƙasa, ita ce ta noma. In ɗan ƙungiya ya mutu ya bar mace da yara, za a nome mata gona damina uku, kowa da garmarsa, babu aike. Ranar farko kuwa, kafin wani ya sari ƙasa, sai an yi zagayen iyaka. Gwauruwar ce a gaba, dangin mijinta na biye da ita, mu a baya. A bi gefen gonar da ƙafa tun daga inda aka tashi har a dawo wurin, kowace kusurwa aka kai kowane mutum ya kafta garma sau ɗaya. Sai an gama wannan za a yi addu'a, a kama aiki.

Wannan zagaye mun tsane shi, mu 'yan boko. Yana cinye sanyin safiya, lokacin da jiki ke son aiki, ga raɓa ta jiƙa maka wando har gwiwa, kana bin bayan mutane kamar ɗan akuya. Wani a cikinmu ya taɓa cewa ragowar tsafin kakanni ne, har aka kai maganar gaban fasto, ya bincika ya ce shi bai ga laifi a tafiya da ƙafa ba. Baba kuwa ba mutumin ba da dalili ba ne. In ka tambaye shi amfanin abu, sai ya juyo maka da idonsa mai gani ya ce haka suka fara. Mu da muke wuni muna koya wa yara su tambayi dalili, wannan amsa ba ta gamsar da mu.

Ga shi kuma zamani ya riga ya sake mu. Tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi a shekarun baya, kekuna suka fara komawa babura, tafin hannunmu ya manta da kanta. Sai in gayyaci mutum talatin, ranar aiki in ga tara. Wannan ya tafi Jos, wancan matarsa ba lafiya, wani kuma bayansa ne ya riƙe tun daren Juma'a, ciwon da ba ya tashi sai an ce gona. Mu taran da muka je mu yi aikin mutum talatin, mu dawo ran Litinin alli ma ba ya riƙuwa a hannu. Ina jin haushinsu ƙwarai, kuma a ƙasan haushin ina yi musu hassada.

A ranin wannan shekara ne wani ɗan ƙungiya ya rasu, mai gyaran layi, mutum shiru wanda bai taɓa fashin aikin gayya ba. Kwana biyar ya yi a kwance. Ya bar mace da yara huɗu, na ƙarshen yana baya. Ɗakin da suke ciki na ma'aikata ne, dole ta tashi, don haka ta koma ƙauye. Matarmu muke ce mata, kamar yadda ake kiran duk macen da aka auro cikin garinmu daga wani gari. Ba ta da sana'a, ba ta da kowa a kusa. Abin da mijin ya bar mata wanda zai riƙe yaran nan wuri ɗaya shi ne gonarsa.

Gonar kuwa asali ɗaya ce da ta wansa. Ubansu ya raba musu tun yana raye, abin da ya shiga tsakani wata ƙatuwar kunyar noma ce da ciyawa ta rufe, sai duwatsu jefi jefi. Rabon ƙanen shi ya taso daga tudu ya gangara har wajen rafi, inda ƙasa ke da baƙi da danshi. Wan bai taɓa barin ƙauye ba. Ba zan ce mugu ne ba. Yaransa sun fi na ƙanen yawa, kuma ya daɗe yana faɗa a fili cewa wanda ke cin albashin gwamnati bai kamata ya riƙe ƙasar rafi ba. Kowa a ƙungiya ya san da wannan magana.

Da aka yi ruwan farko muka zauna miting ran Lahadi bayan sujada, a ajina, don sa ranar fita. Ciyaman ɗinmu akawu ne, mutum mai tsabta da iya tsara zance. Ya ce akwai wani ɗan kwangila a gari da ya sayo tarakta yana ba da haya. Abin da za mu wuni muna yi rabi da rabi, ita za ta gama kafin rana ta take, kuma ta fi mu zurfin huɗa. Ya ce manufa ai gwauruwa ta samu abinci, ba mu samu ciwon baya ba. Wallahi da na ji wannan magana sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Baba bai miƙe ba ma. Daga zaune ya ce, "To wa zai zagaya?"

Wani daga baya ya ce direba zai zagaya, da taya huɗu ma kuwa. Aka yi dariya, har da ni. Ciyaman ya ga ran tsohon ya ɓaci, sai ya kawo sulhu: mai shela zai bi tarakta, ya yi zagayen a madadin kowa. Baba ya ce mutum ɗaya ba zagaye ba ne. Aka ce a ɗaga hannu. Nawa ne ya fara tashi, don na lissafa a raina cewa tsayuwar safiya ɗaya a gindin bishiya ta fi wunin garma sauƙi. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya laluba sandarsa ya fita, muna jin tarinsa har ya kai bakin titi.

Saƙon da na aika wa matarmu ta bakin wata mai zuwa cin kasuwa gajere ne: ƙungiya na zuwa ran Asabar. Ban ambaci tarakta ba. Ban ɓoye da gangan ba, ban dai ga abin faɗa a ciki ba.

Ran Asabar ɗin ban je ba. Na daɗe ina neman uzurin da zan jingina wa wannan safiya, ban samu ba. Lafiyata ƙalau, iyalina ƙalau. Direban ya biyo ta ƙofar gidana kamar yadda muka yi, na fito da zane a kafaɗa, na dubi inda zan maƙale a gefen taya har ƙauye, na tuna rana, na tuna gobe akwai sujada jibi akwai aji, sai ƙafata ta ƙi. Na koma ciki na yago takarda daga littafin rubutu, na zana masa hanya da kyau, har da kibiya, na rubuta sunan marigayin da manyan baƙaƙe, na ce in ya isa ya tambaya kowa ya san gonar. Irin aikin da na iya ke nan, kuma na yi shi da tsabta. Na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro da tulin littattafan yara a gefena, ko ɗaya ban buɗe ba.

Abin da ya faru a can daga baya na ji shi. Matarmu tun asuba tana bayan ɗaki da mata biyu maƙwabta, sun ɗora tukwanen aro. Sauran dawar da ke rumbunta ta jiƙa ta niƙa ta dama kunu na mutum talatin, tana jiran a aiko a ce mun iso ta fito ta shige gaba. Wan mijin ne ya ji ƙarar inji ya tari direba a bakin hanya. Direban baƙo ne, ya miƙa masa takardata. Wan bai iya karatu ba, amma ya san gonar, ya hau gefen taya ya nuna masa. Da suka kai kunyar da ke tsakani direba ya tsaya ya tambaya, shi kuma ya ce ya wuce, duk gonar gidansu ce. Ƙarfen tarakta bai san kunya ba bai san dutse ba. Kafin matan su iso da ƙoren kunu a ka, gonakin biyu sun zama fili ɗaya, jawur daga sama, baƙi daga ƙasa, direba har ya kama hanyar gari.

A miting na gaba aka ce in ba da rahoto. Na miƙe na ce an yi aiki lafiya. Aka tafa. Babu wanda ya tambaye ni ko na je, ni kuma ban ga dalilin tsawaita magana ba.

Bayan kamar mako biyu ina cikin koyar da lissafi sai na ga inuwa a taga. Matarmu ce, da goyo, ƙafafunta duk jar laka, ta tako tun daga ƙauye. Na fita. Ta gaishe ni a tsanake, ta tambayi madam da yara, sannan ta ce, "Malam, sun shuka dawa har bakin rafi. Ni ban san inda gona na ya tsaya ba kuma." Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni me ya hana mu zuwa ba. Ta ce ta kai ƙara, dagaci ya sa ranar Laraba.

Ran Laraba kuwa ka ga jama'a. Waɗanda bayansu ke riƙewa duk sun warke. Kowa ya nemi izini a wajen aiki, aka jera babura a ƙofar dagaci, riguna sun sha guga. Har Baba aka ɗauko a bayan babur. Mun zo da ƙarfinmu, muna ganin yawanmu da takalmanmu za su razana manomi. Dagaci ya saurari kowa, sannan ya ce magana irin wannan ba a zaune ake yanke ta ba, aka ɗunguma zuwa gona.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, dawar wan har ta tsiro, layi layi. Aka ce matar ta nuna. Ta gyara goyo ta taka daga sama ta gangara, tana tafiya tana duban ƙasa, wani wuri ta tsaya ta ja baya ta sake. Aka ce wan ya nuna. Shi bai ko duba ƙasa ba, ya bi wani layi can sama, inda tsakuwa ta fara. Tsakanin sawunta da nasa duk ƙasar rafi ce. Uban da ya yi rabon ya mutu, ƙanen uban da ya shaida shi ma ya mutu. Maƙwabtan gona suka ce su kunya suka sani, yanzu kuwa babu kunya, ba za su ɗauki alhaki ba. Ita mace ce da aka auro daga wani gari, ta yi shekarunta a Kafanchan, maganarta ita kaɗai ba za ta ture ta wanda aka haifa a kan ƙasar ba.

Dagacin tsoho ne, ya sha bin bayan ƙungiyarmu a gonaki tun muna yara. Ya juyo wajenmu ya ce ya ji inji ne ya yi huɗar, wannan ba komai. Amma shi abin da ya sani, duk gonar da ƙungiya ta taɓa ba a kawo masa ƙararta, in ma an kawo ba ta wuce minti biyar, don akwai maza ashirin da suka taka iyakar a gaban dangi, dangin kuma ba su musa ba a ranar. Ya ce waɗanda suka yi zagaye su fito.

A nan ne na gane abin da Baba ya yi shekaru yana kasa faɗa mana, kuma na ga wasu ma sun gane, don kawuna sun fara sunkuyawa. Ciyaman dai ya gyara murya ya ce bana wakili muka tura, ga shi nan, malamin makaranta ne, mai wa'azi ne a ikilisiya, maganarsa ba ta da gyara. Aka buɗe mini hanya.

Sawunta na nan a laka a gabana, ƙanana, ba takalmi. Ba abin da ya fi sauƙi kamar in bi su in ce nan ne. Na yi wannan tunani, ba zan ɓoye ba, kuma har yau ban san ko tsoron Allah ne ya hana ni ko tsoron wan mijin ba, wanda ke tsaye yana kallona, ya san ko inuwata ba ta zo ƙauyen ba a ranar.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ban zo ba."

Babu wanda ya zage ni. Na so a ce an yi. Dagaci ya ce abin da aka shuka ba a tuge shi. Bana kowa ya tsaya inda yake, wan ya riƙe ƙasa, matar ta riƙe sama, in an yi girbi a sake zama. Duk wanda ke wurin ya san ba za a sake zama ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka fita da garemani, kusan mu duka, ba tare da na sha wahalar kira ba. Baba ya ce a yi zagaye. Ta shige gaba, wan ya biyo ta, mu a baya. Kafin a ce an rera waƙar sujada ɗaya mun dawo inda muka tashi. Garma tana faɗawa kan tsakuwa tana ƙara. Kafin azahar mun gama shuka da komai, muka tsaya cirko cirko, maza sama da ashirin a ɗan filin da mutum uku za su iya. Ta kawo mana ruwa, ta ba da haƙuri cewa babu kunu.

Na nemi a sauke ni daga shela, Baba ya hana. Ya ce in an sauke ni na huta ke nan. Haka na ci gaba, kuma aka daina maganar tarakta. Damina ta biyu ma mun je mun nome mata. Abin da ɗan tudun ya bayar bai kai su tsakiyar rani ba. Ƙungiya ta riƙa aika hatsi, zumuntar matan ikilisiya ma ta yi nata, amma abin aike ba ya riƙe gida. Babbar 'yar aka fara kai wa wata gwaggo a Kujama. Daga baya wani kawu ya zo ya ɗauki mai bi mata.

Da damina ta uku ta gabato aka sa rana, na ce wannan karon ba zan ba kowa saƙo ba. Na hau keke bayan an tashi makaranta na tafi da kaina. Na same ta a tsakar gida ta fito da kayan ɗaki waje, tukwane a cikin kwando, an ɗaure tsummoki a zane. Ƙanenta da ke gadi a Sabon Tasha ya samo mata ɗaki, za ta riƙa soya ƙosai a bakin hanya. Tudun ta bar wa wan mijin ya riƙe wa yara, in sun girma sun so.

Na ce mata ai saura damina ɗaya, doka ce, hakkinta ne, ran Asabar muna zuwa mu duka. Ina ta magana, har ina jin muryata irin ta aji. Ta bari na gama.

"Na sani, Malam," ta ce. "Kun yi ƙoƙari. Damina ɗaya na yana hannunku. Ba ni da wurin da zan sa shi."

Ina nan tsaye riƙe da keke. Sai ta ce in jingine shi in kama mata gefen tabarma mu naɗe.